Ƙarfen da Muka Rataya a Darbejiyar Fagge

Ƙarfe bakwai daidai na safe, ranar wata Litinin cikin damina, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Na yi aikin mota fiye da rabin rayuwata, amma wannan safiya ce ba ta taɓa fita daga raina ba. Wurin shi ne tasharmu ta Fagge, a gindin wata darbejiya, bakin titi. Waɗanda ke nan su ne Alhaji Bukar, mai motar. Ɗanladi direba, yana kan sitiyari. Kwandasta a bakin ƙofa. Sai ni Mamman, sufeton tasha, agogo a hannun hagu, usur a hannun dama. Fasinjojin da ke cikin bas ɗin ba su kai rabi ba. Can a kan kwana kuwa, Malam Goni, kawun Alhaji Bukar kuma limamin masallacin unguwarmu, ya ɗaga sandarsa sama, alamar a jira shi.

Kafin in faɗi abin da na yi, sai na koma baya, domin ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku san yadda aka faro ba.

A wancan zamani, mai zuwa Sabon Gari ko tashar jirgin ƙasa daga Fagge ƙafarsa ce motarsa, in yana da hali keke. Manyan motocin tafiyar nesa kuwa dokarsu ɗaya ce: ba a tashi sai an cika. Ɗan kamasho zai fara kiran saura mutum ɗaya tun hantsi, har a yi azahar mutum ɗayan nan bai zo ba. Har marasa aikin yi ake zaunarwa a ciki don mai zuwa ya ɗauka an kusa tashi. Da ya zauna, sai su sulale ɗaya bayan ɗaya. Da haka muka taso, ba wanda ya ɗauke shi laifi.

Alhaji Bukar kakanninsa daga Barno suka zo da fataucin kanwa, suka zauna a Fagge. Shi kuma ya yi arziki da motocin ɗaukar gyaɗa. Sai ya yi odar bas guda biyu ta hannun wani kamfanin Turawa, don su riƙa zirga-zirga daga Fagge zuwa tashar jirgi zuwa kasuwar Sabon Gari. Cikin yarjejeniyar akwai cewa za a tura mutum ɗaya ƙasar Turai ya koyo gyaran motocin da yadda ake tafiyar da su. Ni na koyi tuƙi a soja, ina karanta boko daidai gwargwado. Alhaji ya ce ya zaɓe ni ne don bai taɓa ganin haƙorina a bakin aiki ba.

Birnin da aka kai ni sunansa Gilasgo. Na sauka da safe ana yayyafi. Ina fitowa daga tashar jirginsu na tsaya cik da akwatina a ka. Wani gida ne mai hawa biyu ya nufo ni a tsakiyar titi, da tagogin gilashi sama da ƙasa, fitilu a kunne, mutane zaune a ciki suna karanta jarida. Babu hayaƙi. Babu doki, babu kan jirgi da ke jan sa. Bayansa wani, bayan wannan wani, har iyakar ganina, kamar unguwa guda ce ta tashi za ta ƙaura. Na ce Subhanallahi. Ni da nake ganin na san mota ciki da bai, sai ga ni durƙushe a bakin titi ina leƙen ƙarƙashinsa ina neman inji. Mutumin da aka aiko ya tarye ni ya ɗago ni, ya ce sunan abin nan tiram.

Ga yadda yake. An binne layin dogo a cikin duwatsun titi, har ya yi daidai da ƙasa, keke da mota suna taka shi su wuce. A sama an ja waya. Wani ƙarfe a kan rufin tiram ɗin yana gogar wayar yana shan wuta, wani lokaci ya yi tartsatsi shuɗi kamar walƙiya. Abin da ya fi ɗaure mini kai, direban ba shi da sitiyari. Mariƙi biyu ne a gabansa, ɗaya na wuta, ɗaya na birki. Hanya kuwa dogo ne ya riga ya yanke masa ita. In an kai ƙarshen layi ba a juyawa. Direba zai zare mariƙinsa, ya taka zuwa ɗaya ƙarshen ya ɗaura, kwandasta ya bi kujeru yana tura majinginarsu, baya ya zama gaba. Ranar da na fara ganin haka na ce a raina, wanda ya ƙago wannan bai taɓa shan wahalar ribas a lungun kasuwa ba, ko kuwa ya sha har ta ishe shi.

Iri-iri ne. Akwai tsofaffi na katako, waɗanda aka ce sun girme ni, direba a tsaye yake yini, suna tafe suna rangaji kamar raƙumi. Akwai sababbi masu sumul, kujeru masu taushi, direba a zaune cikin ɗan ɗakinsa. Akwai kuma wata bas mai tayar roba da dogayen sanduna biyu a ka tana shan wuta daga waya, ba ta ƙara ko kaɗan, har mutanen garin suna tsoronta don ba ka jin zuwanta sai tana bayanka. Akwai jirgin da ke zagaye a ƙarƙashin ƙasa. Wannan sau ɗaya na shiga, na ce ramin da zan shiga nan gaba sai wanda za a saka ni.

Bayan na gama da gareji, aka haɗa ni da masu tiram in ga tsarin aiki. Muƙamai uku ne. Direba, nasa hanya. Kwandasta, nasa mutane da tikiti da ƙararrawa: bugu ɗaya a tsaya, bugu biyu a tafi, kuma direba ba ya motsawa sai ya ji. Da yawansu mata ne, da jakar fata a rataye, na ga wadda muryarta ta fi ta sajan ɗinmu na soja. Sai sufeto, wanda ke tsayawa a mararraba da agogo. A wurinsa wanda ya riga lokaci ya fi wanda ya makara laifi, domin ya bar mutane a baya.

Direban da aka ba ni wani tsoho ne, Wili, ni kuma nake ce masa Baba Wili, ya ce sunan ya yi masa. Ubansa ya tuƙa tiram tun lokacin da dawaki ke jan sa. Tsohon tiram na katako yake tuƙawa, ya ƙi sababbin, ya ce shi ba a zaune aka koya masa aiki ba. Shi ya nuna mini akwatin yashi. In ruwa ya sa dogo santsi a hawa, sai ya taka wani feda, yashi ya zuba gaban ƙafafun ƙarfen, su kama. Yashin nan da muke takawa a banza a Kano, can sai an busar da shi an tankaɗe kamar garin tuwo.

Safiyata ta farko da shi, muna ƙarshen layi, mutum uku ne kacal a cikin abin da zai ɗauki jama'ar masallaci guda. Sai na ji ƙararrawa sau biyu, ya murɗa mariƙi muka tafi. Na ce masa ai ba mu cika ba. Ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Masu cika shi suna gaba, ɗana, a tsaye cikin ruwa. Su na yi wa alkawari. Wanda bai zo ba ban yi masa ba."

Haka kuwa aka yi. Kowace matsaya mutane a jere, ba mai ture wani. Kafin mu kai bakin kogi inda ake ƙera jiragen ruwa, sama da ƙasa sun cika maƙil da leburori masu huluna iri ɗaya. Na leƙa waje na ga tiram-tiram suna fitowa daga kowane titi suna zuwa wuri ɗaya, ba wanda ya gogi wani, kamar da hannu ɗaya ake jan su. Gari guda ya yarda da abu ɗaya, kuma abin bai saɓa musu ba.

Wata rana wani mutum mai doguwar hula da kwat mai tsada ya taho da sauri yana ɗaga lema, ƙararrawa ta riga ta buga. Baba Wili ya gan shi sarai, ya ɗaga masa hula, ya tafi. Ya ce mini babban mutum ne a garin, shekara da shekaru yana ɗaukar sa. Na waiga na ga mutumin ya buɗe lemarsa ya shiga layi yana jiran na gaba. Wannan abu na ƙulle shi a raina na ce da shi zan koma gida.

Akwai wani abu kuma da Baba Wili ke yi. A ƙarƙashin ƙafarsa akwai kuge da ake takawa don korar masu tsallaka titi. In muka doshi wata unguwa mai dogayen benaye, tun daga nesa sai ya taka shi sau uku a jere, alhali babu kowa a hanya. Na tambaye shi. Ya ce mutanen benayen nan yawancinsu tsofaffi ne da masu goyo, in suka ji sai su fara saukowa daga matakala. Na ce yana cikin dokar aiki? Ya ce a'a, daga ubansa ya gada. Ni kuwa doka aka aiko ni in koyo. Abin da ba ya cikinta na bar shi a can.

Da na dawo Kano na zauna da Alhaji Bukar na faɗa masa sharuɗɗana. Na farko, mota za ta tsaya a matsayarta kaɗai. Na biyu, za ta tashi a kan lokaci ko da mutum ɗaya ne a ciki. Na uku, in na busa usur ba mai tsayar da ita, ko wane ne. Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce ya yarda a gwada, amma in sani Fagge ba Turai ba ce, ranar da na kunyata shi a gaban mutanensa zan ajiye usur ɗin, motocin kuma su koma sai an cika. Muka sa aka yi shela. Aka yi ta dariya. Kafin a fara aiki ma an raɗa mini suna Mamman Agogo.

To, mu koma ƙarfe bakwai na ranar Litinin, ranar farko.

Malam Goni ya ɗaga sanda, sannan ya tsaya, domin wani dattijo ya tare shi da gaisuwa. Kun san gaisuwar manya. An tambayi kwana, an tambayi gajiya, an tambayi iyali, an shiga yaya ruwa. Cikin mota akwai akawun reluwe biyu, ɗaya yana ta duban agogonsa yana dubana. Alhaji ya matso kusa da ni.

"Mamman, ga Kawu nan."

"Na gan shi, Alhaji."

"To?"

"Bakwai ta yi."

Na busa. Ɗanladi ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya yi salati a hankali, ya sa giya. Motar ta bi ta gaban Malam Goni ta wuce. Na ga sandarsa tana saukowa sannu-sannu. Sai na ji mai shayi yana cewa yau dai Mamman Agogo ya ɗebo ruwan dafa kansa.

Malam ya ƙaraso. Na durƙusa na gaishe shi, na ce wata za ta tashi nan da rabin awa. Ya amsa gaisuwa, ya tattare rigarsa ya kama hanyar tashar jirgi a ƙafa cikin taɓo, domin baƙo zai tarya. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce bayan la'asar in same shi a zauren Kawu, kuma in zo da usur ɗin. Na san ma'anar wannan.

Da rana Ɗanladi ya ba ni rahoto: a matsaya ta biyu ya tarar da mutane suna jira, kafin Sabon Gari har tsaye aka yi, teloli da 'yan koli da matan Yarabawa da kwandunansu, akawun nan kuma sun shiga ofis a kan lokaci. Abin da na gani a bakin kogin can ya fara faruwa a garinmu, ga shi a ranar zai mutu. Na faɗa wa Alhaji, ya ce shi ba cikar mota ce ta dame shi ba, mutumin da ya goye shi aka bari a titi, Fagge duka tana kallo.

Bayan la'asar na cire takalmi na shiga zaure, na zauna a ƙasa, na ajiye usur a gaban buzun Malam. Alhaji yana gefe, fuska a ɗaure. Malam bai fara da maganar safe ba. Ya ce in ba shi labarin ƙasar da na je. Na ba shi, daki-daki: gidan da ke tafiya, wutar da ke bin waya, direba marar sitiyari, baya da ke zama gaba, yashin da ake tankaɗewa. Yana ji yana girgiza kai yana cewa Allah mai iko, duk wannan da hankalin da Ya ba ɗan Adam. Ya sa na maimaita masa maganar yashi sau biyu. Da na kai kan mai doguwar hula, sai ya ɗaga hannu.

"Mamman, ka taɓa makara sallar asuba a bayana?"

"Na taɓa, Allah gafarta Malam."

"Na jira ka?"

"A'a."

Ya juya wajen Alhaji. "Kai fa, Bukar? Shekaranjiya a tahiya ka same mu. Kai ka yi wa masallacin nan rufin kwano. Na jira ka?"

Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce ba a jira shi ba.

Malam ya ce to shi bai ga abin kunya ba a ce an sa lokaci an tashi a kansa, shekara nawa yana yi wa mutane haka sau biyar a rana, ba wanda ya kai ƙararsa. Na fara jin sanyi a raina. Sai ya juyo kaina, murya ta sauya.

"Amma ni kafin in ta da iƙama, ladan ya yi kira. Mai barci ya tashi, mai alwala ya yi, mai gaisuwa ya taƙaita. Kai iƙama kaɗai ka yi. Ina kiranka? Agogon yana hannunka kai kaɗai. Mutum nawa ne a Fagge ke da shi? Da na ji kira, da na ce wa mutumin nan ya riƙe sauran gaisuwarsa sai na dawo."

A nan ne ƙafar Baba Wili ta faɗo mini a rai, tana taka kuge sau uku a titin da ba kowa. Na ba Malam labarin, har da cewa na bar shi don ba ya cikin doka. Ya yi murmushi ya ce ashe tuwon na ɗauko na baro miyar a can. Ya sa ƙasan sandarsa ya turo mini usur ɗin.

"Bukar, bar masa abinsa. Amma ya nemo ladan."

Odar da direba ke dannawa ba ta isa ta zama ladan ba, don kowace mota tana da ita. Wani abokina a reluwe ya samo mini guntun ƙarfen dogo da aka yar, muka huda shi muka rataya a reshen darbejiyar. Tsarin ya zama haka: saura minti biyar, a buga ƙarfe sau uku, lokaci ya cika, a busa usur, bayan usur babu magana. Muka rataya wani a Sabon Gari. Ƙararsa tana shiga har cikin gidaje. Ba a daɗe ba mata suka fara auna girkinsu da shi, teloli suna buɗe shago da shi. Masu ce mini Mamman Agogo ba su daina ba, amma dariyar ta fita daga cikin sunan.

Bayan 'yan makonni, wata safiya, Malam Goni yana zaune a kujerar taga tun bugun ƙarfe. Motar Alhaji ta gida ta ƙi tashi, ga shi yana da sabga a Sabon Gari. Na busa usur ke nan sai ga shi ya ɓullo daga lungu, babbar riga a kafaɗa, yana ɗaga hannu. Ɗanladi bai ko dube ni ba wannan karon. Motar na wucewa Malam ya leƙo ta taga.

"Bukar, an ta da iƙama."

Alhaji ya tsaya a gindin darbejiya yana haki. Ya dube ni, na dubi agogo. Ya nemi benci wajen mai shayi ya zauna ya jira ta gaba.

Daga baya na ji labarin an cire tiram a birnin nan gaba ɗaya, an rufe dogon da kwalta, bas ta gaje shi. Baba Wili ya taɓa faɗa mini haka za a yi, yana shafa mariƙinsa. Na yi baƙin ciki kamar an rushe gidan da na taɓa kwana. Ban sake ganin abin da ya kai shi ban mamaki ba a duk aikin sufuri, kuma har yau in na rufe ido ina ganin jerin gidajen nan masu fitila suna tafiya cikin yayyafi.

Abin da aikin ya koya mini shi ne, mutanenmu ba ƙin lokaci suke yi ba. Wanda ke tashi asuba cikin sanyi ba za a koya masa lokaci ba. Abin da ba sa yafewa shi ne a yanke musu hukunci ba a sanar da su ba. Ka kira su, sannan ka cika alkawari, babba da yaro za su bi ka.

An sare darbejiyar nan lokacin da aka faɗaɗa titi, ina kwance asibiti, ƙarfen kuma ban san hannun da ya shiga ba. Tsawonsa kamu ɗaya ne, da huda a kai, gefe ɗaya ya lotsa saboda duka. Kai mai karanta wannan, in kana Fagge, ka duba mini wajen maƙera da masu gwangwan da ƙofar makarantun unguwa. In ka gan shi kada ka kawo mini gida. Ka kai shi tasha, ka rataya, ka buga sau uku kafin mota ta tashi.